Wa Yake Shanye Cajin?

Daga Mashi, ranar Lahadi

Maman Madina,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Madina. Ni ma lafiya lau, sai dai yawo. Rigakafin shanun nan ya kai mu rugagen bakin iyaka, inda waya ba ta kama komai sai layin Nijar, shi ya sa zan riƙa ba Zailani direba saƙo duk ranar kasuwa.

Maganar kwamfutar da na bar miki ce. Da na zo wancan makon na kunna ta, ko awa ɗaya ba ta yi ba ta mutu, alhali da can tana kusan kaiwa awa uku. Kin san batirin laftof ba a samunsa a Daura, sai Kano, kuma idan ya mutu aikinki na kammala makaranta ya tsaya. Don haka ki kiyaye. Ki rage hasken fuskarta har iya inda za ki ga rubutu. A ƙasa ta hannun dama akwai hoton batir, ki danna, ki zaɓi tsarin tsimin wuta. Ki zare modem ɗin intanet idan ba ki buƙatarsa, ki kashe sauti, kada ki bar faifai a ciki, domin juyawarsa tana shan caji kamar rakumi a bakin rijiya. Kada ki ɗora ta a katifa, ƙofar iskarta tana toshewa, zafi kuwa shi ne ajalin batir. In kin gama ki kashe ta gaba ɗaya, ba rufe murfi kawai ba. In an kawo wuta ki sa ta, kada ki jira sai ta mutu murus.

Abu ɗaya ya ɗan ɗaure mini kai. Na duba aikin naki, na ga babi na biyu yana nan inda na bar shi. Rubutu ba ya cin wuta haka. To me ake yi da ita?

Ki shafa mini kan Madina.

Mijinki,
Sabiru

Daga Daura, ranar Laraba

Baban Madina,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, Allah ya saka da alheri, ya taimake ka a kan aiki. Muna lafiya. Madina ta fara cewa "shanu", duk abin da ta gani mai ƙafa huɗu shanu ne, har magen maƙwabta.

Na yi duk abin da ka ce. Na rage hasken har sai na kusanto da fuskata nake gani. Na sami tsarin tsimin ma, na ɗora ta a kan faranti maimakon katifa. Wuta ce dai ba ta samuwa, wani lokaci sai a yini ba a kawo ba, in an kawo kuma kafin in shanya wanki an ɗauke.

Babi na biyu kuwa gaskiyarka, ban yi nisa ba. Gidan ba ya rabuwa da baƙi, kuma ba kowane baƙo ake ce wa ya tashi ba. Zan ƙara ƙoƙari, don malaminmu ya ce ƙarshen watan gobe za a karɓa.

Na ba Zailani yaji da ƙuli-ƙuli ya kawo maka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Raihana

Daga Mashi, ranar Lahadi

Yaya Hasana,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yara, ki miƙa gaisuwata ga maigidanki Malam Abdulbaƙi. Allah ya ƙara masa lafiya.

Yaya, tun rasuwar Inna ba ni da wadda zan kai wa irin wannan magana sai ke, kuma ina roƙo ta tsaya tsakaninmu. Na shigo Daura ranar Juma'a ba tare da na sanar ba, na kwana ɗaya na koma. Na tarar da kwamfutar da zafi kamar an sauke ta daga murhu, cajin ya kusa ƙarewa, hasken da Raihana ta ce ta rage yana can sama, sauti a buɗe. Na ce, "Wa ya taɓa ta?" Ta ce, "Ni ce." Na ce, "Me kika yi?" Ta sunkuyar da kai ta ce wai in ci abinci tukuna. Rubutun kuwa layi kaɗan ya ƙaru.

Kin san abin da ake yi da waɗannan na'urori yanzu. Mutum yana cikin ɗakinsa yana hira da wanda bai taɓa gani ba. Ban ce ta yi ba, Allah ya tsare ni da zato. Amma ta ce mini baƙi suna yawa, ta ƙi faɗin ko su wane ne.

Gidanki da nawa lungu ɗaya ne ya raba. Don Allah ki riƙa leƙawa da rana, kamar kin zo wucewa. Ki ga wa yake shiga, ki ga me take yi da ita. Kada ki nuna mata komai.

Ƙaninki,
Sabiru

Daga Daura, ranar Laraba

Sabiru,

Ina amsa gaisuwa. Malam yana lafiya, yana can da karatunsa da zaman sulhu a unguwa, ba ya dawowa sai la'asar.

Kai dai tun kana yaro haka kake, in kaza ta yi tari sai ka ce mayu ne. Ƙarfe ne fa, Sabiru. Ba ya tsufa? Rediyon Baba ma ai da kanta ta daina magana, ba wanda ya tuhumi kowa. Ni shawarata ka bar maganar cajin nan, in Allah ya hore ka sayi wani batirin, a huta.

Amma tunda ka sa ni, na je. Kusan kullum ma ina zuwa bayan azahar, ina daɗewa, don kada wani abu ya wuce ni. Ban ga komai ba. Yarinya tana aikinta, tana ba ni ruwa, tana ba ni fura. Baƙi kuwa ban ga wani baƙon kirki ba, in ban da Auta, ɗan kawunta na Mai'adua, da ya tsaya da babur ɗinsa ranar Litinin ya sauke mata gero. Ya ɗan shiga tsakar gida, na ji suna dariya, na ji yana tambayarta yadda ake kunna abin. Shi ke nan. Ni ban ce komai ba, abin da na gani na faɗa.

Kuma don Allah in za ka shigo gari ka riƙa aikowa tukuna. Magidanci ba ya faɗowa gidansa kamar ɓarawo. Ran nan da ka zo, da ƙyar na... da ƙyar yarinyar ta sami abin da za ta dafa maka.

Kada ka sa Malam cikin wannan magana, ka san halinsa.

Yayarka,
Hasana

Daga Mashi, ranar Lahadi

Raihana,

Assalamu alaikum.

Ba zan yi doguwar magana ba. Na sami labarin Auta yana zuwa gidana ba na nan, har yana shiga tsakar gida, har ana koya masa kwamfuta ana dariya. Auta ɗan kawunki ne, ba muharraminki ba ne, kin fi ni sanin wannan, kin yi Islamiyya. Kuma ban manta ba, kafin aurenmu an taɓa yin maganar a haɗa ku.

Yanzu na gane inda cajin yake tafiya, na gane baƙon da ba a ce wa ya tashi. Na tambaye ki da baki, kika ce in ci abinci. To yanzu ina tambayarki a rubuce. Ki gaya mini gaskiya tun magana tana tsakanina da ke, kafin ta kai gaban manya. Daga yau kada wani namiji ya sake tsallake zauren gidan nan. Kwamfutar kuma ki ba Zailani ya kawo mini, zan duba abin da yake cikinta da kaina.

Sabiru

Daga Daura, ranar Laraba

Baban Madina,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na karanta, na sake karantawa, sannan na yi alwala na yi salla, don kada in rubuta abin da zan yi nadama.

Ga kwamfutar nan. Ban goge komai ba, ban taɓa komai ba. Ka duba modem ɗin, tun tafiyarka ta farko yake cikin aljihun jakar, ko kati babu a ciki. Sannan ka danna maɓallin gefe, inda ake sa faifai. Za ka ga fim ɗin Indiya, kashi na biyu. Na ɗaya da na uku suna cikin lalitar wadda ka sa ta gadina, don na san ita ta ba ka labarin Auta.

Tun makon da ka tafi Yaya take zuwa bayan azahar. Ka san Malam ya fitar da talabijin daga gidansa tun shekarar da aka fara shari'a. Ranar farko ta ce, "Raihana, ashe abin nan yana nuna fim?" Na ce yana nunawa. Washegari sai ga ta da faifai a cikin hijabi. Tana hawa katifa, ta ɗora ta a cinya, ta ce in ƙara haske idonta ba ya gani, in ƙara murya kunnenta ba ya ji. Sai kwamfutar ta mutu take tashi. Na ce mata, "Yaya, ya ce a rage haske, kuma ina da rubutu." Ta ce, "Ni na goya shi, shi zai kafa mini doka?" Sannan ta kama hannuna ta ce in rufa mata asiri, in Malam ya ji aurenta na shekara ashirin zai girgiza. Na yi mata alkawari. Ranar da ka faɗo ba sanarwa, ta ƙofar baya ta fita, takalminta a hannu.

Na riƙe alkawarin har ka yi mini kallon maƙaryaciya, na haƙura. Amma ban yi alkawarin zan sayar da mutuncina don fim ba. Auta gero ya kawo daga wajen Baba, Yaya tana zaune ya shigo, tana zaune ya fita, ita ce ma ta ce ya zo ya ga abin mamaki.

Abin da ya fi ci mini rai ba zargin ba ne. Ka zauna ka rubuta mini yadda zan lallaɓa batir dalla-dalla, kada ya yi zafi, kada ya gaji. Ni kuwa layi nawa ka rubuta ka gama da ni?

Gobe zan bi motar Mai'adua da Madina. Na ce wa Baba ganin gida zan zo. Ban gaya masa komai ba.

Raihana

Daga Daura, ranar Asabar

Sabiru,

Na je gidanka na tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabta suka ce ta tafi Mai'adua. Me ka rubuta wa yarinyar nan? Ni fa ban ce ta yi wani abu ba. Ka ɗauko wasiƙata ka duba, cewa na yi Auta ya kawo gero. Kai ka ɗora sauran.

In ta gaya maka wata magana game da ni, to, mu haɗu mu yi ta baki da baki, ba a takarda ba. Abin da nake roƙonka, don darajar Inna, kada faifan nan ya shigo Daura a hannunka. Ka karya shi ka jefa a masai. Kuma ka ƙona wannan in ka karanta.

Ka je ka dawo da matarka. Irinta ba a samu a kasuwa.

Hasana

Daga Mashi, ranar Lahadi

Maman Madina,

Assalamu alaikum. Ina fata kun sauka lafiya, ki gaishe mini da Baba da Gwaggo da kyau.

Na danna maɓallin. Na daɗe zaune da faifan a hannuna, har abokin aikina ya ce ko rasuwa aka yi. Sai ga wasiƙar Yaya ta zo ta ƙarasa abin da ya rage.

Na zarge ki da abin da ko a gaban alƙali sai an nemi shaidu, ni kuwa shaidata batir. Ki yafe mini don Allah. Malam ba zai ji daga bakina ba, tunda ke da aka cuta ma kin rufa. Amma ni da Yaya akwai zama.

Na kai kwamfutar wajen mai janareto a Mashi an cika ta, ga ta nan na ba Zailani. Lokacin karɓar aikinki ya matso, kada ki rasa shekara saboda wautata. Ki gaya mini ranar da za ki dawo.

Mijinki mai neman afuwa,
Sabiru

Daga Mai'adua, ranar Laraba

Baban Madina,

Wa alaikumus salam. Kwamfuta ta iso, na gode. Ina rubutu a zauren Gwaggo, na shiga babi na uku.

Da Zailani ya miƙo ambulan ɗinka, Baba yana zaune a ƙofar gida. Ya tsura wa ambulan ɗin ido. Ya ce, "Raihana, takarda ce ya aiko miki?" Na ce, "Gaisuwa ce, Baba." Bai yarda ba, tun ranar ba ya cin abincin kirki.

Don haka kada ka sake aiko mini takarda. Ka san hanyar Mai'adua. Ka zo da ƙafarka ka gaishe shi, ka dube shi ido da ido. Ranar dawowa kuwa, sai na ga fuskarka zan sani.

Raihana