Keken Maman Monica

Litinin, 24 ga Satumba, 1979

Ina rubutu a bayan littafin awo, don ba mai buɗe shi sai ni. Yau kwana biyu wata budurwa tana tsayawa gaban gidana tana kallon ƙofa. Inyamura ce, da gani. Ba ta sallama, ba ta tafiya. Ɗinki ne da ita? Ai da ta shigo.

Laraba, 26 ga Satumba

Ƙawata Ramota ta biyo daga Kantin Kwari da yadinta da surutunta. Wai ranar Litinin soja za su miƙa wa farar hula mulki, kuma wai daga nan duk wanda ya bar kaya a Kano lokacin rikici zai zo ya karɓi abinsa. Ta faɗa tana kallon kekena na ɗinki. Na ce wa ya gaya miki? Ta ce, "Yakaka, ai gari ya ɗauka."

Ni ranar ce ban yarda da ita ba. Me ya sa kullum ɗaya ga Oktoba? Ita ce ta 'yancin kai, muka sha rawa. Ita ce ta jamhuriya. Ita ce kuma ta sittin da shida, da Sabon Gari ya kama da wuta. A ranar Nkechi, maman Monica, wadda ta koya mini ɗinki, ta shigo da keken nan a amalanke, 'yarta riƙe da zanenta. Kwana biyu mijina, marigayi Goni, ya ɓoye su a ɗakin gawayi kafin ya kai su tashar jirgi. Abin da ta ce mini kawai: "Riƙe mini, ina dawowa."

Shekara goma sha uku ke nan. Da shi na ciyar da gidan nan bayan Goni.

Alhamis, 27 ga Satumba

Ta sake zuwa. Na leƙa ta tsagar ƙyaure. Goshin Nkechi ne sak.

Juma'a, 28 ga Satumba

Na sa an kai keken gidan Ramota a Rijiyar Lemo, na lulluɓe shi da tabarma. Masu ɗinki na ce musu ya lalace. Gurbin ƙafafunsa huɗu na nan a ƙasa, na ɗora kwandon tsumma a kai. Ba sata na yi ba. Ajiya ce na sauya mata wuri.

Lahadi, 30 ga Satumba

Ta shigo. Ta durƙusa har ƙasa, da Hausarta tar kamar ba ta taɓa barin garin ba: "Mama Yakaka, ni ce Monica. Na rasa ta inda zan fara ne." Na ba ta ruwa, ina kallon idonta, idon kuwa yana ta yawo a ɗaki. Na ce a raina, ga shi nan, lauya ne ya aiko ta ƙidayar kaya.

Ta tambayi Baba Goni. Na ce ya rasu. Ta yi kuka, na ce wannan share fage ne. Sai ga tambayar: ina keken?

Na ce an sace tun wancan lokacin. Bakina bai ko yi rawa ba.

Sannan ta ce mamanta ta rasu bara. Wai kafin ta cika ta ce mata, keke na Yakaka ne, ta ci guminsa, kada kowa ya tambaye ta. Amma a durowarsa akwai rigar bikin 'yancin kai da ta yanka wa Monica da safiyar ranar, kore da fari, ba ta samu ɗinkawa ba. "Shi ne abu na ƙarshe da almakashinta ya yanka a Kano, Mama. Shi kaɗai na zo nema."

Na san rigar. Tana nan a ƙullin leda, da zanen allin Nkechi a jiki. Duk shekara nakan fito da ita in kakkaɓe in mayar.

Na ce Allah ya ji ƙan rai. Ta yi godiya. Godiya fa! Ta ce jirgin Laraba za ta bi, ta sauka wajen wata 'yar uwarsu a Sabon Gari.

Litinin, 1 ga Oktoba

Tun safe rediyon maƙwabta ke ta ihu, soja sun miƙa mulki. Na zauna ina jiran harbi ko gudu, ba abin da ya faru. Yara na wucewa da tutocin takarda. Su masu bindiga sun mayar da abin da ba nasu ba, haka aka ce. Ban yarda ba tukuna.

Talata, 2 ga Oktoba

Na dawo da keken. Ɗakin Ramota na yoyo ne, zai yi tsatsa, ba wani abu ba.

Tunda ya dawo sai na gwada shi, kuma ba tsumma kusa sai yankan rigar nan. Na bi layin allin Nkechi ban kauce ba. Kalmasar wuya irin tata na yi, ninki biyu, yadda take duka hannuna in na yi ɗaya. Rigar 'yar shekara bakwai ce, ko hannun Monica ba zai shiga ba.

Ramota ta ce in ba ta rigar ta kai wa Monica, a ce a wani tsohon akwati aka tsinta. Dabara ce mai kyau. Na ce a'a, ta dai kira mini yarinyar nan gida.

Ban rufe keken ba. Na goge shi, na juyo shi yana kallon ƙofa.