Turken Kawu da Waken Inna

Yaya Mamman, gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Damagaram? Mu nan Kona lafiya lau, damina ta zauna.

Laraba da safe na iske jakin Kawu Ilu cikin waken Inna, wanda ta shuka da ƙarshen irinta, ya cinye rabi. Igiyar jakin taki bakwai ce. Kawu ya auna taki takwas daga geronshi na gabas, ya kafa turke. Waken kuwa yana yamma, taki huɗu kacal.

Na ce, "Kawu, igiya ba ta san gabas da yamma ba. Bakwai nan, bakwai can."

Ya ce, "Rufe mini baki! Gabas yake kallo na ɗaure shi."

Sau uku ina auna mishi, ya ƙi ji, ni kuma ban isa in tuge turkenshi ba. Maganarka yake ji, ka aiko mishi saƙo kafin sauran waken ya ƙare.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanen gida. In kana shakka, Inna ta gani, Hurera mai nono ta gani. Kawu ma yana tsaye, sai dai gabas yake kallo.