Inna, Na Fito da Dutsen Niƙanki

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, da fatan Allah Ya kai haske makwancinki, ina sanar da ke cewa waƙarki ba ta ɓata ba.

Kin san halina. Ba na fara abu sai na karanta shi a ƙasida, na ja layi a ƙarƙashinsa. Da mu mutanen unguwar Yindiski muka yanke shawarar buɗe zaman koyar da waƙoƙin niƙa na Ngizimanci duk Asabar, ni aka ba tsarawa. Wata ƙasida ta ce a jera kujeru a zagaye, a kafa allo, a tsara lokaci. Na yi duka, har na auna tazarar kujerun da igiya.

Gwaggo Adama, ƙanwar Baba, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda kuka yi niƙa tare. Na zaunar da ita a kujera, na miƙa mata lasifika, 'yan mata sun cika rumfa suna jira. Ta yi baiti biyu ta tsaya. Asabar ta biyu ma haka. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin ƙarfinta yana raguwa, kuma idan ta tafi da sauran baitocin, babu mai dawo da su.

Sai na tuna abin da kike faɗa idan na dame ki da takardu: "Wannan yaron, hannu ne ke tuna abu, ba kai ba."

Asabar ta uku na kwashe kujerun. Na tono dutsenki a bayan ɗaki, inda muka jingine shi tun zuwan injin niƙa, na wanke, na zuba gero. Gwaggo ta durƙusa da ƙyar. Tana tura ɗan dutsen, waƙar ta kwance, har ƙarshenta.

Inna, ni ne ɗan farinki. Ban taɓa jin sunana a bakinki ba, kuma na girma ina ganin kunyar nan ta yi yawa. Ni kuma da na shiga makaranta na daina amsa miki da Ngizimanci, wai ƙauyanci ne. A baiti na ƙarshe na ji Gwaggo ta ce Idrisa, sau uku. Na tambayi ma'anar, ta ce roƙo ne kike yi kada karatu ya raba ni da gida. Ashe kowace safiya kina kiran sunana, gurzar dutse tana rufe shi, ni kuma ina bakin ƙofa da littafi.

Yanzu duwatsu huɗu ne a rumfar. Matan ƙabilar Karekare daga unguwar Dogo Nini sun kawo nasu waƙoƙin. 'Yan matan da a da suke ɓoye yarensu sun ƙara baiti a kan kwatar da ta toshe a layinmu, sun rera shi gaban mai unguwa, kuma maza sun fito da shebur. Ba ni da shakka wannan zama zai ɗore.

Ni ma ina durƙusawa a layin masu koyo. Suna dariyar harshena, ina ci gaba.

Allah Ya gafarta miki, Ya sanya Aljanna makomarki, Ya haɗa mu inda za ki kira ni a sarari.

Ɗanki da ya makara wajen amsawa,
Idrisa