Hagu da Hagu

Guangzhou, ƙasar Sin.

Zuwa ga Hajiya Lauratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da yara, da gwiwar nan taki mai rigima. Ni lafiya lau, sai 'yar rama, kuma za ki ji dalili. Ki zauna tukuna. 'Yarmu Maijidda tana nan ƙalau, na ji muryarta da kunnena.

Kin san jami'arsu ta kwashi 'yan ajin labarin ƙasa zuwa duwatsun Sichuan, wai su ga ƙanƙarar da ke tafiya da kanta tana sassaƙe dutse. Ni da na tsaya a aji huɗu, ƙanƙarar da na sani ta cikin zoɓo ce, ita ma ba ta zuwa ko'ina sai ciki.

Da ta ce a saya mata takalmin hawan dutse, na ce 'yar dilan takalma ba ta shiga kanti. Na buɗe buhun samfur da ke ɗakina a unguwar Dengfeng, na zaro masu kauri biyu iri ɗaya, na ƙulle a leda na cusa mata a jaka.

Ranar Talata Shitu maƙwabcina ya nuna min a waya: duwatsu sun gangaro sun rufe hanya, ɗalibai suna sama. Na kira ta, shiru. Na sake, shiru. Muryar da kika ji ta shaƙe ranar, na ce miki mura ce, ba mura ba ce.

Washegari ta kira, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta hau faɗa. Ashe ba ta hau dutsen ba! Masana'antu ƙafa ɗaya suke ba mu samfur, to duka biyun na hagu ne. Malaminsu ya dubi ƙafarta ya bar ta a masauki, inda waya ba ta cika kamawa ba. 'Yan ajinsu an sauko da su duka lafiya, alhamdu lillahi, sai wahalar sanyi. Tana faɗa, ina hawaye ina dariya. Tunda nake ba a taɓa yi min faɗa mai daɗin wannan ba.

Za ta bi rukuni na biyu idan an buɗe hanya. Na so in hana, amma na ƙyale ta, don karatunta ne. Na shiga kanti kamar mutumin kirki na saya mata sabo, dama da hagu, na aika. Amma wallahi da na zo rufe kwalin, sai da hannuna ya daɗe a kan na daman, kamar in zare shi.

Ki gaida Inna, ki ce ta ƙara mana addu'a.

Naki har kullum,
Munkaila