Motar Da Ka Bar Mini A Ƙofar Rumfa

Zuwa ga Yayana Mamman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a duk garin da ka tsinci kanka. Ni ne ƙanenka Habu, daga rumfarmu ta faci a Gazawa. Ban san inda zan aika wannan takarda ba, shi ya sa na rubuta ta da yawa na raba wa direbobin da ke tsallaka iyaka. Duk wanda ya buɗe ya karanta, na yafe masa, in dai zai miƙa gaba.

Motar tana nan. Na san shi ne abin da za ka fara tambaya.

Ka tuna ranar da aka kawo ta, shekarar da sojoji suka yarda a yi zaɓe, kowane bango ya sha hoton ɗan takara. Yaron nan da ubansa Alhaji ke neman kujera ya sayo ta daga kudu, ja, gajera, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Motar gudu ce ta titin birni, shi kuma don a gan shi ya nufi taron siyasa na garin Gangara da ita ranar kasuwa. Rami ɗaya ya lanƙwasa mata janti, wato ƙarfen da taya ke zama a kai. Da tarakta aka jawo ta har rumfarmu.

Da ka cire ƙafar, ka ɗaga ta da hannu ɗaya ka yi dariya. Tayar siririya, jantin fari fat, ba nauyi. Ka ce mini, “Habu, wanga ba irin namu ba ne. Kak ka taɓa shi sai na dawo masallaci.”

Ni kuwa na taɓa. Duk jantin amalanke da na taksin daji da ya lanƙwashe a garin nan, da guduma muke miƙar da shi, tun zamanin Baba haka ake yi. Na so ka dawo ka tarar na gama, a ce ni ma na iya. Bugu biyu na yi, ya dare kamar tukunyar dalma. Ashe shi irin wannan ƙarfe ba a dukansa, karyewa yake yi.

Da mai motar ya zo da jandarma, ya tambayi wanda ya fasa jantin. Kai ka share zufa ka ce, “Ni na bugai.” Ba ka ko dube ni ba.

Sharaɗin da aka yanke kana sane da shi. Kai za ka tsallaka iyaka ka nemo irinsa, ni kuma aka rubuta sunana a buro, wato ofishin jandarma, a matsayin mai tsaron motar, in ko madubi ya ɓace da ni za a yi. Ka ce kwana uku. Yaya, damina shida ta sauka a kan kwana ukun nan.

Uban mai motar ya faɗi zaɓe, suka kwashe suka koma birni. Ban da saƙo lokaci-lokaci cewa a kula da amana, ba wanda ya zo ɗaukarta, ba kuma wanda ya goge sunana. Tana nan a kan duwatsu da ƙafa uku, tayoyin sun tsage, kaza har ta yi ƙyanƙyasa a ƙarƙashinta. Sau biyu na samu aikin tuƙi a Maradi, sau biyu na juya. Nisan da nake yi bai wuce kasuwar Cadawa ba, shi ma zuciyata tana kan madubin mota. Na tsani motar nan, wallahi, amma kullum da safe sai na goge ta. Na gaji, Yaya.

Yanzu kuma an sake cewa sojoji za su miƙa mulki. Hotuna sun dawo bango, mutane na ta murna za a sake su. Ni ina zaune inda ka bar ni.

Amma ba don mota na rubuto ba, don Inna ne. Gari duka ya ɗauka kai ka yi ɓarna ka gudu ka bar ƙanenka da wahala. Ita ma ta daina kiran sunanka. Ina jin ta tana yi mini addu'a, tana tsallake ka, ni kuma na yi shiru duk shekarun nan saboda tsoro. Yanzu idanunta sun yi rauni, tafiya ma sai da sanda.

Ranar Juma'ar da ta wuce na durƙusa gabanta na faɗa mata gaskiya. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, “Na sani tun ran nan. Mamman bai taɓa ɓata aiki ba. Amma ɗaya ya tahi, in na yi hushi da kai, wa ya rage mini?” Daga nan ta rufe fuska da zane, ta kira sunanka sau uku.

In don ba ka samu jantin ba ne kake jin kunyar dawowa, don Allah ka bar shi, ka zo hannu biyu. Zan tsaya a bakin tasha in faɗa wa kowa wanda ya ɗaga guduma. In kuma ni ne ba ka son gani, sai in shiga ɗaki in rufe har ka gama gaisawa da ita.

Allah ya sa kana da rai. Allah ya sa takardar nan ta riga ajalin Inna isa gare ka. Amin.

Ƙanenka mai laifi,
Habu