Abin da Na Faɗa wa Sabon Koci

Zuwa ga yaron nan da ke Dagenham,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan Tottenham, in ka cire ƙafata ta dama. Innarku tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Na ba 'yan ƙungiyar ɗalibanmu wannan takarda su buga a 'yar jaridarsu, domin an ce mini ita kana karantawa, wadda nake aikowa ta gidan waya kuwa ba ka buɗewa. Ku kuma masu leƙen abin da ba naku ba, sannunku, ku gyara zama.

Ƙafar nan da kaina na karya ta, ba wanda ya taimaka mini. Wata Laraba na ajiye motar ofis a bakin filin kwalejinku, na shiga da babbar riga da takalmin fata mai sheƙi, da niyyar in yi magana da kocinku. Tun a gida na shirya maganar, na yi ta bitarta gaban madubi da Turancina na wanda ya tsaya a aji huɗu. Ina isa gabansa ta gudu ta bar ni. Sai ga ƙwallo ta gangaro kusa da ni, zuciya ta ce, Bawa, tunda baki ya ƙi, nuna masa inda yaron ya gado. Na tattare riga, na ja da baya, na sheƙo a guje cikin taɓo. Ƙwallon ko motsi ba ta yi ba, ni ne na tashi sama. Hulata ce ta faɗa raga, kuma ita kaɗai gidanmu ya ci a filin nan bana. Abokan wasanka suka ɗauke ni kamar buhun gero, likita ya naɗe ni da farin siminti har gwiwa.

Kai ka san abin da ya kai ni. Amma bari in faɗa yadda na gan shi daga inda nake tsaye.

Lokacin da ofis ya kawo ni Landan in riƙa tuƙa manya, ka zo da ƙafafun Fagge, waɗanda suka saba da tamolar tsumma ba takalmi. In ka samu ƙwallo sai ka yanke mutum huɗu, ka dawo ka sake yanke na farkon don kada ya ji an manta da shi, sannan a ƙwace. Kanka a sunkuye kullum kamar mai neman allura.

Wanda ya ɗaga maka kai shi ne kocinku na farko, tsohon Baturen nan mai tari da nake kira Baba Mai Usur. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, ba shi da takardar shaida ko ta wanke kwano. Dokarsa guda ce a wajen atisaye: ba ka ba mutum ƙwallo sai ka kira sunansa da ƙarfi. Yakan ce wanda ba a kiran sunansa a fili, da shi da turken raga duk ɗaya ne. Don dole ka koyi duba mutane kafin ka duba ƙafarka. A shekara ta biyu lamba bakwai ta zama taka, har yaran wasu kwalejoji sukan tambaya ko za ka buga kafin su sauko daga bas.

A lokacin, in an idar da sallar Juma'a, musu ɗaya muke yi a kan wasanka a bakin ƙofar masallaci. Ɗalibai su ce aikin koci ne, dattawa su ce baiwa ce daga Allah. Ni ina ɓangaren baiwa, saboda ta nan ne kawai zan samu rabo. Nakan ce jini ne, ni da ban taɓa buga komai ba sai ƙofar mota.

To ga inda abin yake. Kai ne ɗan farina. A gidanmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya yabonsa gaban mutane. Kakanka har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, wancan mai kunnuwan nake. Don haka ranar wasa, iyayen Turawa suna ta kwarara sunayen 'ya'yansu har muryarsu ta dishe, ni ina tsaye cikin kwat ɗin da wani babban sakatare ya manta a mota, ina cewa, kai jaki, ba shi mana! Kana jin Hausa. Na ɗauka kana jin abin da ke ƙarƙashin jakin.

Sai kwalejin ta yi kuɗi. Tun da man fetur ya haukata mutanenmu, 'ya'yan manya suke ta sauka jirgi-jirgi, ana biyan kuɗin makaranta ba a ko neman ragi. Ni nake ɗauko su daga filin jirgi, ni nake jigilar firij da akwatunan iyayensu, na san abin da nake faɗa. Shugabannin kwalejin suka ga ba ya kyautuwa makaranta mai irin wannan baƙi a ce mai tari ne yake horar da ita. Kun faɗi wasa ɗaya na neman kofi, aka ba tsoho agogon bango da shayi, aka raka shi ƙofa.

Wanda aka kawo matashi ne mai takardu, yana yawo da allo da alli, shi ya sa na sa masa Mai Allo. Ranar da ya fara aiki aka tara iyaye a ɗakin cin abinci. Ya zo wajena, ya miƙo hannu, ya ce ya ji labarin lamba bakwai, ko ni a matsayina na uba yaya nake ganin wasanka.

Na yi abin da duk uba mai kunya zai yi. Na ce wannan ai ba abin da ya iya sai cika ciki, in ƙwallo ta shiga raga daga ƙafarsa to ita ce ta ga dama, tsohon nan ne kawai yake jin tausayinsa. Na faɗa da Turanci, ina dariya, sannan na tsaya ina jira. A Kano wannan rabin magana ce. Ɗaya rabin na wanda aka faɗa wa ne, ya ce haba Malam, ai yaron nan gwani ne, Allah ya raya. Uba ya kawar da kai kamar bai ji ba, ya tafi gida da daɗinsa. Haka ake yabon ɗan fari, da bakin wani.

Mai Allo bai musa ba. Ya gyaɗa kai, ya ce ya gode, ba kasafai ake samun uba mai faɗin gaskiya ba. Da na juya na gan ka a bayana riƙe da kofin shayi. A mota na yi ta ba da labari mai ban dariya har muka iso gida, ni kaɗai nake dariyar.

Dama dogayen yara yake so, masu dukan ƙwallo sama a bi ta da gudu. Ni na ba shi hujja kyauta. Ka cinye lokacin sanyin nan kaf a kan benci, hannuwanka a hammata, kana kallon ɗan wani kwamishina mai takalmin da bai san taɓo ba yana faɗuwa a gurbinka. Daga baya ka daina zuwa filin, ka daina zuwa aji, ka kwashe kayanka ka tafi masana'antar mota kana ɗaure noti. Innarku ta daina yi mini dariya tun daga ranar, kuma ka san ita kaɗai ce take yi don Allah.

Yanzu da nake kwance ƙafa a kan matashi, na samu lokacin musun Juma'a ni kaɗai. Yaran nan su ne dai, ƙafafun su ne, amma a hannun Mai Allo kowace Laraba sai an lallasa su. To koci ke nan. Amma Baba Mai Usur ma yana wata makaranta a Woolwich, kuma shi ma lallasa shi ake yi, don yaran da aka ba shi ko kaza ba za su iya korewa ba. Kafin in karye na gamu da shi a tashar bas. Ya tambaye ni kai, ya kama sunanka, ya murɗe shi yadda ya saba, har sau uku. Ni da na yanka ragon sunan na tsaya ina kallon takalmina. Ban san wa ya fi gaskiya tsakanin ɗalibai da dattawa ba. Abin da na sani shi ne baiwar tana nan a Dagenham tana ɗaure noti, kuma a cikin waɗanda suka kai ta can har da wanda ba koci ba.

Shekaranjiya aka zo duba ni da labarin cewa an sallami Mai Allo. Ko agogo bai samu ba. Ka ga ke nan maganar da na yi ta bita gaban madubi ba ta da mai karɓa kuma, mutumin ya tafi da abin da na faɗa masa. An ce za a kawo na uku daga arewacin ƙasar nan, kuma zai gwada kowa daga farko. Bai san ka ba, bai san ni ba, kuma wallahi in ya tambaye ni yanzu ba zan jira kowa ya ƙarasa mini magana ba.

Ɗana, na san takarda ba ta biyan wannan. A gaban mutane na faɗa, da baki, kana ji. A gaban mutane zan gyara, da baki, kana ji. Zan zo filin da sandunan asibiti, in tsaya cikin iyayen Turawa, in kira sunan da ƙarfi, ko da dattawan Juma'a za su ce Landan ta cinye mini kunya. Amma ba yadda zan yi in kira wanda ba ya cikin fili.

Allah ya tsare hannuwanka daga injin, ya tsare ƙafafunka, ya sanyaya zuciyarka a kaina. Allah ya ba ka uban da ya fi wanda ka samu, a cikin wannan dai da kake da shi. Amin.

Ni ne wanda kake bi bashi,
Babanku, Bawa Direba.