Jinkar Ɗakin Inna

Guangzhou, Fabrairu 2007

Zuwa ga Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da su Hafsah. Ki durƙusa ki gaishe min da Inna. Alhaji Dogara ne zai kawo takardar nan idan ya gama sarinsa, tunda har yau layin waya ya ƙi isowa garinmu.

Kwanon da na yi alkawarin aikowa a rufe ɗakin Inna, na fasa. Ki karanta har ƙarshe kafin ki fara faɗa.

Ranar Lahadi lawban ɗina, wato mai masana'antar da nake sayen tayil a wurinsa, ya ɗauke ni a motarsa zuwa bayan gari. Wani attajiri ya gina unguwa guda a can, ya kwaikwayi wani ƙauye na Ingila. Yaya, gidajen ciyawa ne. Gajerun ƙofofi, ƙananan tagogi, jinka ta sauko har kusa da kafaɗar mutum. A bakin shiga sun kafa hotunan ƙauyen na ainihi. Wai a can akwai gidajen da suka yi ɗaruruwan shekaru, doka ta hana a zare musu ko tsinke, kuma sai masu hannu da shuni ke iya zama a ciki. Da idona na ga 'yan China sun yi layi don a ɗauke su hoto a gindin ciyawa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Bature mai ƙera jirgin sama yana tattalin ciyawar kakansa, mu kuwa da hannunmu ya ɗan yi nauyi sai mu tuge ta mu kafa kwano mai zafi kamar tanda. Ɗakin Inna kaɗai ya rage da jinka a unguwarmu, kuma marigayi Baba ne ya gina shi da hannunsa. Ki ce wa Ilu kafinta ya yi zamansa. Ki faɗa wa Inna na ce kada kowa ya taɓa ɗakin nan sai ya ji daga bakina.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Sha'aban

Unguwar Maidaji, Maris 2007

Sha'aban,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ban da Inna da tarinta ya dawo. Ina fatan kai ma lafiyar ce, ko da yake takardarka ta sa ni shakka.

A gaban Inna na buɗe ta ina karantawa da ƙarfi, don na zaci labarin kwano ne. Da na sani da sai na fara dubawa ni kaɗai.

Ba kai ne da babbar Sallah ka tare abokanka a ƙofar gida ba, ka shimfiɗa musu tabarma a rana, don kada su shigo su ga ɗakin da aka yanke maka cibiya? Ina tsaye na gani. Yau da ka ga Bature yana so, ba ma Baturen ba, ɗan China mai kwaikwayon Bature, sai ciyawar Baba ta yi daraja.

Tunda hoto ka gani, bari in ba ka abin da ba ya fitowa a hoto. Rabon da a yi wa ɗakin nan baibaya tun Baba na da rai. Gara ta cinye karan. Bara da damina tsakanin kwanonin tarar ruwa Inna take kwana, tana jan gadonta daga nan zuwa can. Fadamar da ake yankar shuci ta zama gonar tumatir. Masu iya yanta ciyawa sun kwanta dama, 'ya'yansu suna acaɓa a Kano. Ko an ɗaura sabuwar jinka a ƙasa, maza nawa suka rage a unguwar da za su ɗaga ta su ɗora? Kai da ya kamata ka kama gefe ɗaya kana China kana kallon gidajen mutane.

Baban su Hafsah ya ce shi zai sayi kwanon. Inna ta ce ba za ta kwana a ƙarƙashin rufin suruki ba alhali ɗanta na da rai. Ta ce kai ne namijin gidan, kuma ka ce kada a taɓa. Ka san halinta sarai. Ka janye maganarka kafin ruwa ya sauka.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Barira

Guangzhou, Afrilu 2007

Yaya Barira,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna, Allah Ya ƙara mata sauƙi.

Na ga zagin da kika aiko. Har Alhaji Dogara sai da ya tambaye ni ko rasuwa aka yi, don ya ga yadda fuskata ta canza. Kina magana kamar shaƙatawa na zo yi. Mu huɗu muke kwana a ɗaki ɗaya a Xiaobei, in wuni ina hawa da sauka a benen kasuwar Baima da kaya a kafaɗa, duk abin da na tambaya a ce min “meyo”, babu. Don wa nake yi in ba don ku ba? Maganar babbar Sallah kuma ba ta da wuri a nan. Mutum ba ya ƙaro hankali ne?

Kin ce babu shuci, babu masu yanta. To, na samo magani. Ashe ciyawar unguwar attajirin nan ta roba ce, a masana'anta ake yin ta. Ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta, sai kin taɓa za ki san ba shuci ba ce. Na saya wadda za ta rufe ɗakin har ta yi saura, na sa a kwantenar Alhaji Dogara. Idan ta iso Ilu ya shimfiɗa ta a kan tsohuwar jinkar. Ga ɗakin Baba yadda yake, ga Inna a bushe.

Ki gode wa maigidanki, amma ki ce masa uwata ba ta rasa ɗa ba. Maganata tana nan yadda na faɗa.

Wassalam.

Sha'aban

Unguwar Maidaji, Yuli 2007

Sha'aban,

Na amsa sallamarka don wajibi ce.

Ciyawarka ta iso, bayan ruwa ya riga ta da makonni. Yara sun taru suna kallo, mata suna shafawa. Ni kuma na shimfiɗa ɗaya a kan ƙofar akurki, na ɗauko buta na zuba mata ruwa. Har kajin sai da suka jiƙe. Gashi ne kawai aka jera a jikin wata siririyar roba, duk tsakaninsa ƙofa ce. Ka koma gidajen naka, ka shiga ciki, ka ɗaga kanka sama. Ka shiga kuwa, ko daga waje ka tsaya baki buɗe?

Bangon gabas ya sha ruwa, ya tsage har hannuna yana shiga. Na roƙi Inna ta dawo gidanmu zuwa kaka, ta ce ita ba ta taɓa kwana gidan suruki ba, ba kuma za ta fara da furfura ba. Na kawo Ilu da kwanon aro, na ce ko gefen gadonta a rufe. Ta fito da sandarta ta zauna a bakin ƙofa. Ta ce, “Sha'aban ya ce kada a taɓa.” Ilu ya tattara gudumarsa ya tafi, yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin.

Na shiga mota har Kano don in kira lambar da ka ba mu. Wata mata ce ke ta yare, na ƙare kuɗin kiran ban ji muryarka ba.

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda nake jin naka ba. Ni ke kwana ina sauraron hadari, kai kana ba da umarni daga wata duniya. Ba kuɗinka nake so ba yanzu, ba kwanonka ba. Layi ɗaya za ka rubuta da hannunka, wanda zan nuna mata, ka ce a taɓa.

Allah Ya shirye ka.

Barira

Guangzhou, Agusta 2007

Yaya,

Salamu alaikum. Ki gaishe da Inna da kyau.

Takardarki ta yi kwanaki a jakar wani kafin ta same ni. Layin nan na daina amfani da shi tuntuni, na manta ban aiko sabon ba.

Na koma gidajen ciyawar jiya. Mai gadi ya hana ni shiga, na leƙa ta taga. Rufin siminti ne a sama, ciyawar a kansa aka manna ta. Babu gado, babu murhu, babu mai kwana a ciki. Amare ake kawowa su yi hoto su tafi. Na tambayi lawban me ya sa bai faɗa min ba, ya yi dariya ya ce ai ban tambaya ba. Saura kaɗan in shaƙe shi.

Ga layin da kika nema. Inna, ni ne Sha'aban, na ce a cire jinkar a sa kwano yau ɗin nan, ko na wane ne.

Ba Alhaji Dogara zan jira ba, wani ɗan Zinder da zai tashi jibi zai biya ta Kano da ita.

Ku yafe ni.

Ƙaninki,
Sha'aban

Unguwar Maidaji, Agusta 2007

Sha'aban,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ranar Asabar. Ɗakin ya riga ya faɗi tun ranar Alhamis da la'asar, ana tsakiyar ruwa.

Inna tana da rai. Bangon ya danne mata ƙafa, mai ɗori ya ce ƙugu ne ya karye, kuma a shekarunta kada mu sa rai da tafiya. Baban su Hafsah ne ya ciro ta, ya goyo ta a bayansa har gidanmu, tana rufe fuska da mayafi duk tsawon hanya. A ɗakina take kwance.

Na karanta mata layinka. Ta sa na sake karantawa. Ta ce a gaishe ka, Allah Ya yi maka albarka. Ta ce kuma in tabbatar na rubuta maka cewa ita dai ba ta bari kowa ya taɓa ba.

Na rubuta.

Barira